Misisoga ko Bramton: Abin da Tarihin Garuruwan Biyu Ke Faɗa wa Mai Neman Mazauni a Gefen Toronto

Duk wanda ya sauka a filin jirgin sama na Pearson yana ganin ya iso Toronto, a gaskiya ƙafarsa a Misisoga take, domin kusan dukkan filin yana cikin iyakar wannan birni ne, kuma idan motar da ta ɗauko shi ta nufi arewa maso yamma, kafin ya gama gyara zama ya shiga Bramton. Waɗannan garuruwa biyu, waɗanda ake rubuta sunayensu Mississauga da Brampton a taswira, suna yamma da Toronto a lardin Ontariyo na ƙasar Kanada, kuma su ne matattarar dubban iyalai da tsadar gida ta hana su zama cikin babban birnin. Sabon zuwa yakan ji sunayen biyu tare daga bakin 'yan uwa da dillalan gidaje, har ya ɗauka cewa zaɓin bai wuce duba inda haya ta fi sauƙi ba. A ganina wanda ya san yadda kowannensu ya taso zai fi gane abin da yake saye da kuɗinsa, saboda garuruwan biyu hanya ɗaya suke bi, sai dai Misisoga ta riga Bramton da kimanin shekara ashirin. Ɗaya ta cinye filayenta ta koma gini sama, ɗayar kuma har yanzu tana shimfiɗa sababbin unguwanni a kan gonaki, jama'arta na ƙaruwa fiye da abin da asibiti da hanya za su iya ɗauka. Saboda haka mai zaɓe tsakaninsu matakin girman da zai zauna a ciki yake zaɓa, da daɗinsa da wahalarsa.

A takarda rana ɗaya aka haife su. A farkon 1974 gwamnatin lardin Ontariyo, a zamanin Firimiya Bill Davis wanda shi kansa ɗan Bramton ne, ta rushe tsohuwar gundumar Peel ta kafa Yankin Peel mai ƙananan hukumomi uku, wato Misisoga a kudu bakin tafki, Bramton a tsakiya, da Caledon a arewa. Wannan ya sa abubuwa da yawa da mutum zai so ya kwatanta ba su da bambanci tun daga tushe: rundunar 'yan sanda ɗaya ce ke tsaron biranen biyu, hukumomin makarantun gwamnati ɗaya ne, ruwan famfo da kwashe shara duk na yankin ne. A 2023 gwamnatin lardi ta yi dokar raba yankin, kafin shekarar ta ƙare ta janye, don haka auren yana nan. Bambancin yana cikin abin da kowane gari ya shigo da shi cikin wannan haɗaka.

Misisoga ta shigo ba tare da tsakiyar gari ba. Sunanta na al'ummar Mississauga ne, 'yan asalin ƙasar da ke zaune a bakin Kogin Credit, waɗanda Turawan Ingila suka karɓi ƙasarsu ta hanyar yarjejeniyoyin 1805 da 1806 da 1818, har a 1847 suka tashi suka bar wurin. Abin da ya maye gurbinsu ƙauyuka ne warwatse cikin gonaki, kowanne da sana'arsa: Port Credit tashar jiragen ruwa a bakin Tafkin Ontariyo, Streetsville garin injinan niƙa da ruwan kogi ke juyawa, Cooksville mararrabar hanyoyin Dundas da Hurontario, Malton kuma can arewa maso gabas. Fiye da shekara ɗari babu ɗaya daga cikinsu da ya fi ƙarfin sauran. Hanya da jirgin sama ne suka canza lissafin. An buɗe babbar hanyar Queen Elizabeth Way a 1939, a daidai lokacin da filin jirgin Malton ya fara aiki, shi ne kuma ya zama Pearson na yau. Masana'antar ƙera jiragen sama ta kafu a gefen filin, ta ɗauki ma'aikata da yawa, har zuwa Fabrairun 1959 lokacin da gwamnatin Kanada ta soke aikin jirgin yaƙi na Avro Arrow, kimanin mutum 14,000 suka rasa aiki a rana ɗaya. Duk da wannan bugu, filin jirgin ya ci gaba da jawo kamfanoni, kuma tun a farkon shekarun 1950 aka fara sare gonakin tuffa ana gina gidaje, kamar yadda aka yi a Applewood Acres, unguwar da ta samo sunanta daga itatuwan tuffar.

A 1968 aka ba ƙauyukan sunan Misisoga bayan ƙuri'ar da mazauna suka jefa, a 1974 kuma aka haɗa da Port Credit da Streetsville aka zama birni. Manyan kamfanonin gine-gine sun sayi dubban kadada suka tsara garuruwa sukutum irin su Erin Mills da Meadowvale, kowanne da makarantunsa da wuraren shaƙatawarsa. Da yake babu tsakiyar gari, sai wani mai gine-gine, Bruce McLaughlin, ya gina babbar cibiyar kasuwanci ta Square One a tsakiyar gona a 1973, daga baya aka gina hedikwatar birnin ta yanzu a gefenta aka kammala ta a 1987. Wato a nan kasuwa ce ta riga gari, garin ya taru a kewayenta, kuma wanda ya taka a ƙafa a wannan wuri yau zai ji hakan a jikinsa: tituna masu faɗin gaske, filayen ajiye motoci, da dogayen gine-gine da ke tsaye nesa da juna.

Ba a maganar girman Misisoga ba tare da Hazel McCallion ba, wadda ta riƙe kujerar magajin gari daga 1978 zuwa 2014, ta rasu a 2023 tana da shekara 101. Abin mamaki, lokacin da take shugabar Streetsville ta yi adawa da haɗakar da ta samar da birnin da ta mulka shekara talatin da shida. Shekara ɗaya da hawanta, a daren 10 ga Nuwamban 1979, jirgin ƙasa na kamfanin Canadian Pacific ɗauke da iskar gas da sinadarin kulorin ya kauce daga layinsa a kan titin Mavis ya kama da wuta, aka kwashe fiye da mutum 200,000 daga gidajensu na kwanaki, ba a rasa rai ko ɗaya ba. Wannan ya kafa sunanta. Amma abin da ya fi shafar mai neman gida a yau shi ne yadda ta tafiyar da kuɗin birnin: duk kamfanin da zai gina rukunin gidaje sai ya biya kuɗin hanya da magudanar ruwa da ɗakin karatu da filin wasa, kuma da wannan kuɗi birnin ya yi shekaru da dama ba ya cin bashi. Ta kuma dage wajen ware filaye masu yawa ga masana'antu da ofisoshi a gefen manyan hanyoyi, abin da ya sa Misisoga ba ta zama wurin kwana kawai ga ma'aikatan Toronto ba.

Tsarin yana da iyaka, iyakar kuwa ita ce ƙasa. Muddin akwai gonar da za a mayar unguwa kuɗi na shigowa. Ranar da gonaki suka ƙare, rijiyar ta fara ƙafewa, hanyoyi da bututun da aka shimfiɗa a shekarun 1970 kuma sun tsufa suna neman gyara. Alƙaluman ƙidaya sun nuna wannan sarai. Jama'ar Misisoga sun tashi daga kimanin 315,000 a 1981 zuwa kimanin 613,000 a 2001, suka kai 721,599 a 2016, sannan a 2021 suka sauko zuwa 717,961, raguwa ta farko a tarihin birnin. 'Ya'yan da aka haifa a gidajen Erin Mills sun girma sun tafi, iyayen sun rage su biyu a gida mai ɗaki huɗu. Sabon gini yanzu sama yake tafiya, kamar tagwayen benayen Absolute World masu murɗaɗɗen jiki da aka kammala a 2012, ko kuma a kan filayen tsofaffin masana'antu na bakin tafki, inda tashar wutar lantarki ta Lakeview da matatar man Port Credit suka taɓa tsayawa.

Bramton kuwa gari ce ta gaske tun kafin a yi mafarkin Misisoga. Ta fara ne a mararrabar da titunan Queen da Main suka haɗu, inda baƙi daga arewacin Ingila, John Elliott da William Lawson, suka sa mata sunan garinsu na asali a 1834. Ta zama ƙauye mai hukuma a 1853, layin dogo na Grand Trunk ya iso a 1856, a 1867 kuma ta zama hedikwatar gundumar Peel, aka gina kotu da kurkuku waɗanda yau gidan tarihi ne. Sana'ar da ta fito da sunanta noman furanni ce a cikin rumfunan gilashi, musamman na iyalin Dale, waɗanda suka zama mafi ɗaukar ma'aikata a garin suna aika wardi zuwa nesa, har aka yi wa Bramton laƙabin garin furanni na Kanada. Sana'ar ta durƙushe daga baya, laƙabin ya rage. Akwai kuma matsalar da ta bi garin tun farko: an gina shi a kan hanyar rafin Etobicoke, wanda ya riƙa malala cikin kasuwa, mafi muni a 1948, har aka haƙa masa sabuwar hanya ta siminti aka buɗe a 1952. Har yau dokokin kariya daga ambaliya suna takura manyan gine-gine a tsohuwar tsakiyar garin, shi ya sa birni mai mutum sama da dubu ɗari shida ke da tsakiya irin ta ƙaramin gari.

Girman zamani ya faro ne daga gefe. A kusan 1960 wani kamfani ya fara gina Bramalea a gonakin Chinguacousy da ke gabas da tsohon garin, wadda ake ɗauka a matsayin gari na farko da aka tsara shi tun daga tushe a gefen babban birni a Kanada. An raba ta sashe-sashe bisa haruffa, ta yadda a sashe ɗaya sunayen tituna duk da harafi ɗaya suke farawa, kuma har yau mazauna kan gane unguwar mutum daga harafin farko na titinsa. Masana'antu sun biyo, ciki har da ta ƙera motoci ta American Motors, wadda sabuwar masana'antarta ta 1986 ta koma hannun Chrysler, yanzu kuma Stellantis. A 1974 aka ɗaure Bramalea da tsohuwar Bramton da ƙauyukan kewaye wuri ɗaya, gari biyu masu hali daban a ƙarƙashin suna ɗaya.

Lokacin da filaye suka fara ƙarewa a Misisoga, guguwar gini ta haura arewa. Bramton na da kimanin mutum 149,000 a 1981, kimanin 325,000 a 2001, kimanin 524,000 a 2011, sannan 656,480 a 2021, wato ta ninka cikin shekara ashirin, daidai abin da maƙwabciyarta ta yi tsakanin 1981 da 2001. Ƙiyasin hukumar ƙididdiga ta Kanada na 2024 ya nuna ta riga ta zarce Misisoga a yawan jama'a. Waɗanda suka cika sababbin unguwannin galibinsu baƙi ne: a ƙidayar 2021 fiye da rabin mazauna Bramton 'yan asalin kudancin Asiya ne, musamman daga Punjab, kusan kashi ɗaya cikin huɗu mabiya addinin Sikh ne, kuma baƙaƙen fata daga tsibiran Karibiyan da Afirka sun haura kashi ɗaya cikin goma. Sai dai Bramton ta yi wannan girma a zamanin da gina hanya da asibiti ya fi tsada, kuma gidaje sun fi ofisoshi yawa a cikin abin da aka gina. Daga nan kusan duk bambancin da mai zaɓe zai tarar ya samo asali.

A fannin gida, kuɗi ɗaya yakan sayi wuri mafi faɗi a Bramton. Gidajenta da yawa an gina su ne bayan shekarar 2000, masu ɗakuna huɗu ko fiye, da garejin mota biyu, da sashen ƙarƙashin ƙasa, kuma an yi su daidai da irin iyalan da ke sayensu, inda kakanni da iyaye da jikoki ke zama ƙarƙashin rufi ɗaya. Matsakaicin yawan mutane a gida ɗaya ya haura uku da rabi a Bramton, a Misisoga kuwa bai kai uku ba. Misisoga ta fi yawan nau'o'in gidaje: akwai fulat a dogayen benaye kusa da Square One, akwai tsofaffin benayen haya a Cooksville da kan titin Hurontario, akwai gidaje masu manyan filaye da tsofaffin itatuwa a Lorne Park da Mineola waɗanda sai masu hannu da shuni. Mai aure sabo ko ma'aikaci shi kaɗai zai fi samun abin da ya dace da shi a nan. Mai 'ya'ya biyar da ke son kowa ya samu wurin kwanciya zai ga cewa abin da zai ishe shi a Misisoga ya fi ƙarfin aljihunsa.

Ga mai haya akwai abin lura na musamman. Yawancin sababbin zuwa Bramton a sashen ƙarƙashin ƙasa na gidan wani suke farawa, domin masu gidaje da yawa da kuɗin wannan haya suke biyan bashin da suka sayi gidan da shi. Wasu daga cikin waɗannan sassa an yi musu rajista, suna da ƙofar fita ta biyu da na'urar gano hayaƙi da tagar da mutum zai iya kuɓuta ta cikinta idan gobara ta tashi. Wasu kuwa an yanka su ne a ɓoye aka cusa mutane fiye da kima, musamman a shekarun da ɗalibai daga ƙasashen waje suka yi yawa kafin gwamnatin tarayya ta sa iyaka ga adadinsu a 2024. A wannan shekarar birnin ya fara gwajin tilasta wa masu ba da haya yankar lasisi a wasu mazaɓu. Irin waɗannan sassa akwai su a Misisoga ma, amma a Bramton ne suka zama ginshiƙin kasuwar haya, don haka tambayar ko an yi wa wurin rajista ta fi tambayar kuɗinsa muhimmanci.

Wajen aiki, kewayen filin jirgin Pearson na daga cikin manyan matattarar ayyuka a Kanada, ana lissafa shi na biyu bayan tsakiyar Toronto, kuma garuruwan biyu suna cin moriyarsa. Amma nau'in aikin ya bambanta. Misisoga ta fi yawan ofisoshi da hedikwatocin kamfanoni, kamar ta kamfanin manyan kantuna na Walmart a Kanada, da tarin kamfanonin magunguna a Meadowvale. Ƙarfin Bramton yana wajen sufuri da rumbunan ajiye kaya da sarrafa abinci da ƙere-ƙere: akwai babbar tashar sauke kwantena ta kamfanin layin dogo na Canadian National (CN), akwai hedikwatar Loblaw mai manyan kantunan kayan abinci, akwai kamfanin MDA mai ƙera na'urorin sararin samaniya. Direban babbar mota ko ma'aikacin rumbu zai tarar da sana'arsa a ƙofar gida a Bramton. Akanta ko masanin kwamfuta ko mai aikin ɗakin gwaje-gwaje yakan kwana a Bramton ya wayi gari yana gangarawa kudu, tare da dubban irinsa. Ba a manta kuma cewa masana'antar motocin Stellantis ta dakatar da ƙira a ƙarshen 2023, abin da ke nuna haɗarin garin da ya jingina da manyan masana'antu ƙalilan.

Zirga-zirga ce wurin da ya kamata mai zaɓe ya fi daɗewa yana tunani, domin ita ce ke cin lokacinsa kullum. Manyan hanyoyi sun ratsa Misisoga ta ko'ina: Queen Elizabeth Way a kudu, 403 a tsakiya, 401 a arewa, wadda ke cikin hanyoyi mafi cunkoso a nahiyar Amurka ta Arewa. Bramton hanya ɗaya ce babba ke shiga cikinta, wato 410, sai 407 da ke wucewa ta kudancinta, wadda kuɗi ake biya a kanta, kuma wanda ya mai da ita hanyarsa ta kullum zai ji a jikinsa ƙarshen wata. A jirgin ƙasa na GO kuwa, wanda ke jigilar fasinjoji tsakanin Toronto da garuruwan kewayenta, sunan gari ba ya faɗa wa mutum komai, layin da ke kusa da gidansa ne abin dubawa. Layin Lakeshore West da ke tsayawa a Port Credit da Clarkson yana aiki yini guda zuwa da dawowa, shi ne mafi kyau a duk yankin. Layin Milton da ke ratsa Cooksville da Streetsville da Meadowvale da safe yake kai mutane Toronto ya dawo da su da yamma kawai, saboda dogon na kamfanin dakon kaya ne, shi ke da iko da shi. Wato mai zama a tsakiyar Misisoga na iya fin mai zama kusa da tashar Bramalea a layin Kitchener wahalar samun jirgi da rana tsaka.

A motocin bas Bramton ta ba mutane mamaki. Tun da ta ƙaddamar da bas masu sauri na Züm a 2010 a kan manyan titunanta, yawan fasinjoji ya hau sosai, kuma layin titin Queen yana kai mutum har tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa ta Vaughan. Matsalar ita ce cika, domin a lokutan shiga da tashi daga aiki bas kan wuce tasha ba ta tsaya ba. Misisoga na da nata bas ɗin mai suna MiWay da kuma hanyar bas ta musamman da aka kammala a 2017, wadda ke ratsa birnin daga yamma zuwa gabas ba tare da shiga cunkoso ba. Tun Fabrairun 2024 tsarin kuɗin mota ɗaya ya sa mai sauya bas tsakanin waɗannan garuruwa da Toronto ba ya biya sau biyu. Sai kuma jirgin cikin gari na titin Hurontario mai tsawon kilomita 18, wanda aka sa wa sunan McCallion, daga Port Credit zuwa titin Steeles a kudancin Bramton. An sa ran buɗe shi a 2024, hakan bai samu ba. Dalilin da ya sa ya tsaya a Steeles darasi ne a kan siyasar garin: a Oktoban 2015 majalisar Bramton ta ƙi amincewa ya bi ta titin Main ya shiga tsohuwar tsakiyar gari, alhali lardi ne zai biya, sai bayan shekaru aka dawo ana neman a ƙarasa shi.

Akwai kuɗaɗe biyu da ba sa fitowa a tallar gida, kuma dukansu sun fi nauyi a Bramton. Na farko inshorar mota, wadda a Ontariyo ake lissafa ta har da lambar unguwar da mutum ke zaune, kuma Bramton ta daɗe cikin wurare mafi tsada a lardin. Iyalin da ke da mota biyu na iya mayar da rangwamen da suka samu a haya ga kamfanin inshora. Na biyu harajin gida, wanda kasonsa ya fi yawa a Bramton saboda ofisoshi da masana'antun da za su raba nauyin da masu gidaje ba su kai na Misisoga ba. A ɗaya ɓangaren, mai sayen fulat a benen Misisoga yana da kuɗin kula da gini da zai riƙa biya kowane wata, wanda ke hawa yayin da ginin ke tsufa. Kafin a sa hannu a kowace takarda, a nemi kamfanin inshora ya faɗi farashinsa a kan adireshin biyu.

Lafiya ce inda tazarar shekara ashirin ta fi fitowa fili. Misisoga na da cikakkun asibitoci biyu, Credit Valley da Asibitin Misisoga, kuma ana sake gina na biyun ya zama ɗaya daga cikin mafi girma a ƙasar. Bramton na da cikakken asibiti ɗaya, Brampton Civic, da aka buɗe a 2007, a shekarar da aka rufe tsohon Peel Memorial, wanda ya dawo a 2017 a matsayin cibiyar jinyar da ba ta kwantar da marasa lafiya irin na babban asibiti. Kwantar da majinyata a baranda ya yi yawa har majalisar birnin ta ayyana dokar ta-ɓaci a fannin lafiya a Janairun 2020. A 2021 lardi ya amince a faɗaɗa Peel Memorial, kuma a 2025 Jami'ar Toronto Metropolitan ta buɗe makarantar koyon likitanci a Bramalea. Gyara na tafe ke nan, amma mai tsohuwa a gida ko mai ciwon da ke kai shi asibiti a kai a kai da abin da ke ƙasa yau zai yi lissafi. Abin da ke sassauta lamarin shi ne katin lafiya na Ontariyo yana aiki a kowane asibiti na lardin, don haka mazaunin kudancin Bramton na iya gangarawa Credit Valley.

Makarantun firamare da sakandare, kamar yadda aka ambata, hukuma ɗaya ce, bambancin na unguwa ne: a sababbin unguwannin Bramton yara kan yi yawa har a ƙara azuzuwan wucin gadi a filin makaranta, a wasu tsofaffin unguwannin Misisoga kuma kujeru ne ke neman ɗalibai. Misisoga na da reshen Jami'ar Toronto tun 1967, kwalejin Sheridan kuma na da harabar karatu a garuruwan biyu. Ga Musulmi, Misisoga ta fi yawan jama'a, kusan kashi 17 cikin ɗari a 2021, kusan ninki biyu na kason Bramton, kuma a nan babbar cibiyar ƙungiyar Musulmi ta ISNA ta Kanada take, ko da yake masallatai da abincin halal ba su da wuyar samu a ko'ina cikin biyun. Misisoga ce kaɗai ke da bakin tafki. Ita ce kuma ta fi shan ƙarar jirage a Malton da kewayensa, kuma ambaliyar Yulin 2013 da ta bazarar 2024 sun cika sassan ƙarƙashin ƙasa da ruwa a unguwannin da ke gefen rafuffukanta.

Idan aka tambaye ni, sabon zuwa da ba shi da mota, mai neman aikin ofis, ko wanda aikinsa ke tsakiyar Toronto, Misisoga zan nuna masa, kuma a cikinta ma kusa da layin Lakeshore West ko Square One, ko da zai haƙura da ƙaramin wuri. Haka nan iyalin da ke da mara lafiya. Babban iyali mai mota, wanda abincinsa ke fitowa daga rumbuna da masana'antu da tuƙi, ko wanda ke son gidan da zai ba da hayar ƙasansa, Bramton ta fi masa, muddin ya sa inshora da haraji cikin lissafi tun farko. Wanda ke tsakani yana da mafita da ba a cika ambata ba: iyakar garuruwan biyu layi ce a taswira, kuma unguwannin da ke kusa da ita, Meadowvale da Malton a kudu, kewayen Steeles da tsohuwar Bramalea a arewa, suna ba mutum damar cin moriyar ɓangarorin biyu. Bramalea musamman an gama gina ta tuntuni, itatuwanta sun girma, makarantunta da wuraren shaƙatawarta suna nan, ga tashar jirgi.

Wanda ya fi buƙatar taka-tsantsan shi ne mai sayen sabon gida a ƙarshen arewa maso yammacin Bramton, wajen Heritage Heights, inda filayen ƙarshe na birnin suke kuma inda aka tsara babbar hanyar 413 za ta ratsa. A irin wannan wuri gida ne ke fara tsayawa, makaranta da layin bas da cibiyar lafiya su biyo bayan shekaru, kamar yadda mutanen Erin Mills suka gani a zamaninsu. Taswirar da mai gini zai shimfiɗa a tebur takan nuna makaranta da filin wasa da launi mai kyau. A tambayi hukumar makarantu ta Peel ko lardi ya saki kuɗin gina makarantar da wace shekara za a buɗe ta, a tambayi hukumar bas ta Bramton wane layi ne ke isa wurin yanzu, sannan a hau mota daga ƙofar filin zuwa wurin aiki da ƙarfe bakwai na safiyar Talata a duba agogo.